Miles Davis da Tsofaffin Waƙoƙi, 1955 zuwa 1965

A daren 17 ga Yuli, 1955, a bikin kiɗan jaz na Newport a Amurka, wani mabushi ɗan shekara 29 ya hau dandali ba tare da sunansa na cikin manyan da aka zo gani ba. Mutane da yawa sun riga sun yanke ƙauna da Miles Davis. Ƙwayar heroin ta cinye masa kusan shekara huɗu, sai da ya koma gonar mahaifinsa a jihar Illinois ya kulle kansa kafin ya rabu da ita. A wannan dare ya kafa bakin ƙahonsa dab da makirufo, ya busa "'Round Midnight", mai waƙar kuma, Thelonious Monk, yana zaune a kan fiyano. George Avakian na kamfanin faifai na Columbia yana cikin 'yan kallo, kuma bai yi wata-wata ba ya nemi ɗaukarsa.

An haifi Miles a ranar 26 ga Mayu, 1926, ɗan likitan haƙori ne, ya tashi a East St. Louis. Yana shekara 13 mahaifinsa ya saya masa ƙaho, irin na tagulla mai maɓallai uku. Malaminsa Elwood Buchanan ya hana shi karkarwar murya a busa, wadda mabusan lokacin ke ado da ita, kuma wannan horo ne ya bar shi da sauti miƙaƙƙe, marar kwalliya, wanda ko daga nesa aka ji an san nasa ne. Ya je Niyok a 1944 da sunan karatu a makarantar Juilliard, ya ƙare a bayan mai saksofon Charlie Parker a gidajen kiɗa na dare.

Kafin a ci gaba, sai an fahimci abin da makaɗan jaz ke kaɗawa. Akwai tarin tsofaffin waƙoƙi na wasan kwaikwayo da fina-finai waɗanda kowane makaɗi ya haddace, sun zama gonar gandu, kowa da kuyyarsa. "My Funny Valentine" ta Rodgers da Hart ce, daga wani wasan 1937. "Stella by Starlight" Victor Young ya tsara ta don wani fim na 1944. "Autumn Leaves" asalinta daga Faransa take, Joseph Kosma ya yi karinta. Makaɗi zai fara da karin da kowa ya sani, sannan ya saki hanya ya yi ta ƙirƙirar nasa a kan ginshiƙin waƙar, ya dawo gida a ƙarshe. Ba a tambayar waƙar wa ce. Abin da ake jira shi ne yadda za a juya ta a daren.

Columbia na son sa, amma yana da bashin faifai a wuyansa na ƙaramin kamfanin Prestige. Sai ya kwashi ƙungiyarsa, John Coltrane da Red Garland da Paul Chambers da Philly Joe Jones, suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Rudy Van Gelder a ranakun 11 ga Mayu da 26 ga Oktoba, 1956. Suka kaɗa abin da suka saba kaɗawa a kulob, yawanci bugu ɗaya ba maimaici. Kwana biyun nan suka haifar da faifai huɗu. A nan "My Funny Valentine" tasa ta farko ta fito: kusan minti shida, ƙahon a toshe da murfin ƙarfe na Harmon wanda ke mai da sautin kamar raɗa a kunne, karin waƙar kuma yana nan daram, mai so ya bi da baki.

Daga nan sai aikinsa ya rabu gida biyu. A situdiyo yana ta sabon gini, har ya kai ga Kind of Blue a 1959. A dandali kuwa ya riƙe tsofaffin waƙoƙin nan kamar ba shi da wasu, dare bayan dare, shekara bayan shekara. Ni a ganina wanda yake son ya san yadda mutumin nan ya sauya, faifan dandalin ya kamata ya bi, domin waƙar ba ta motsa ba, duk bambancin da aka ji daga shi da mutanensa ya fito.

A Afrilun 1961 Columbia ta kai na'urorinta kulob ɗin Blackhawk a San Faransisko, daren Juma'a da na Asabar. Wuri ne matsattse mai hayaƙin taba, an kewaye wani lungu da wayar kaji don matasan da shekarunsu ba su kai na shan giya ba. Wynton Kelly da Chambers da Jimmy Cobb suna tafe da kiɗan cikin kwanciyar hankali, Hank Mobley yana busa saksofon. Faifai ne mai daɗi, amma na mutumin da bai da abokin kokawa tun da Coltrane ya tafi. Wata guda bayan haka, a zauren Carnegie, ya yi wasan tara kuɗi don wata gidauniyar aikin lafiya a Afirka, makaɗin ganga Max Roach ya hau dandali da allon zanga-zanga ya zauna, Miles ya fice a fusace kafin a lallashe shi ya dawo.

A 1963 ya tara yara. Herbie Hancock a fiyano, Ron Carter a bas, da Tony Williams a ganguna, wanda a lokacin shekararsa 17. Da su da mai saksofon George Coleman ya hau dandalin Philharmonic Hall a Niyok ranar 12 ga Fabrairu, 1964, ranar tunawa da haihuwar Abraham Lincoln. Taron na tara kuɗi ne don yi wa baƙaƙen fata rajistar zaɓe a jihohin Mississippi da Louisiana. Miles ya san zafin abin a jikinsa, domin a 1959 'yan sanda sun fasa masa kai a ƙofar kulob ɗin Birdland, inda sunansa ke rubuce a allo. Sai ya yafe ladan wasan, nasa da na yaransa, ba tare da ya shawarce su ba. Aka yi cacar baki a bayan labule, suka fito rai a ɓace. Shi kansa daga baya ya ce wannan fushi ne ya hura wutar daren.

Kamfanin ya raba wasan gida biyu, masu sauri a faifan Four & More, masu sanyi a faifan My Funny Valentine. Rabon ya ɓata jerin daren yadda ya gudana, amma ya bar mana abin gwadawa. Waƙar da ta ci minti shida a 1956 yanzu ta kai kusan sha biyar. Babu murfi a bakin ƙaho. Hancock ya buɗe a hankali, Miles ya ɗauki 'yan sautukan farko na karin, ya yi shiru, ya bar zauren yana jira, sannan ya cilla sauti ɗaya sama kamar ihu. Carter da Williams suna shiga suna fita, su ninka saurin, su sake shi, wani lokaci su bar ƙahon shi kaɗai. Karin waƙar ya koma kamar sawun da iska ta fara sharewa. A farkon "Stella by Starlight" wani ɗan kallo ya kasa daurewa ya kurma ihu, kuma ihun yana nan a faifan har yau.

Coleman ya tafi, Sam Rivers ya riƙe gurbin a Tokiyo a watan Yuli, Wayne Shorter ya karɓa kafin wasan Balin a Satumba. Shekarar 1965 kuwa yawancinta a jinya ta ƙare wa Miles, an yi masa aiki a ƙugu, ya kuma karye a ƙafa. Da suka dawo aiki, yaran sun gaji da ƙwarewarsu. Sun san abin da kowa zai yi kafin ya yi. Hancock ya ba da labarin cewa Williams ne ya kawo shawara a kan hanyarsu ta zuwa Shikago: duk abin da kunne ke jira, a yi kishiyarsa. Ba su gaya wa maigidan ba.

Kulob ɗin sunansa Plugged Nickel, wato jabun kwabo. Ba su san Teo Macero na kamfanin Columbia zai zo da na'urar ɗauka ba, sai ganinta suka yi, amma ba su fasa ba. A daren 22 da 23 ga Disamba, 1965, aka ɗauki zagaye bakwai. Inda ake jiran ganga ta yi tsawa sai ta yi tsit. Hancock kan ɗauke hannu daga fiyano gaba ɗaya na tsawon lokaci. Waƙa mai sanyi kan rikiɗe ta zama gudu ba sallama. Ana jin ƙarar kofuna da surutun mashaya a baya, leɓen Miles kuma bai gama dawowa ba bayan jinya, sautinsa na tsagewa nan da can. Bai tsawata musu ba. Ya bi su cikin dajin, har ma ya ƙara musu fili.

Columbia ta ajiye kaset ɗin a ma'aji. Wani yanki ya fito a Japan a 1976, cikakken kuwa sai 1995, a faifai takwas, shekara huɗu bayan rasuwarsa a ranar 28 ga Satumba, 1991. Kafin nan tuni ya daɗe da jingine waɗannan waƙoƙi, ya koma kayan kiɗa na lantarki tun ƙarshen shekarun 1960. Da ya sake neman waƙar da kowa ya sani don ya juya a dandali, a shekarun 1980, sai ya ɗauko "Time After Time" ta Cyndi Lauper da "Human Nature" ta Michael Jackson, ya mayar da murfin Harmon bakin ƙahonsa.