Dokar Ɓata Suna da Bakin Ɗan Jarida a Arewa

Tun asali Bahaushe yana da zambo da habaici, waɗanda da su talaka kan taɓa mai mulki ya kwana lafiya. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda aka tsara bisa na Sudan ya kuma fara aiki a 1960, ya zo da wani ma'auni dabam. Sashe na 391 ya fayyace ɓata suna, na 392 kuwa ya tanadi tara ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2. Wannan kundi Gombe ta gada daga Bauchi da ta zama jiha a 1996.

Sai dai ƙarar neman diyya ma tana ɗaure harshe. A 2018 Gwamna Ganduje ya kai Jaafar Jaafar na Daily Nigerian kotu a Kano, yana neman naira biliyan 3 kan bidiyon zargin karɓar daloli. A 2021 ya janye ƙarar, kotu ta ce ya biya naira 800,000 kuɗin ɗawainiya. Shari'ar ba ta kai ga tantance gaskiyar zargin ba, ɗan jaridar kuwa a shekarar ya yi hijira zuwa Ingila.