Armeniyawa A Rundunar Farisa: Daga Dakaru Zuwa Barade

Jama'a, akwai wani wasa da Turawa suke yi wanda suke ƙera 'yan mutum-mutumin sojoji da dalma ko roba, tsawonsu milimita 15 ko 28, su shafa musu fenti, su jera su a kan tebur suna maimaita yaƙoƙin mutanen da. Tun a shekarar 1913 wani marubucin Ingila, H. G. Wells, ya buga littafin ƙa'idojin irin wannan wasa. Mai son ya jera rundunar Farisa kuwa tilas ya gamu da tambaya guda: wace shiga zai yi wa Armeniyawan da ke cikinta? Amsar ita ce sai ya fara faɗin zamanin da yake nufi, domin tsawon fiye da shekara dubu suka yi suna fita yaƙi tare da Farisa, kuma ba kama ɗaya suka zauna da ita ba.

Ita dai Armeniya ƙasa ce ta duwatsu da sanyi, tana arewa maso yammacin Iran, a gabashin Turkiyya ta yau. Sunanta ya fito a rubutun da Sarki Dariyus na Ɗaya ya sa aka sassaƙa a dutsen Behistun wajen shekara 520 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A ciki ya ce ƙasar ta yi masa tawaye, kuma ɗaya daga cikin waɗanda ya tura su kwantar da tawayen, Dadarshi, shi ma Ba'armeniye ne. Ka ga ke nan tun farkon fari akwai nasu a kowane ɓangare.

Da Sarki Zaksis ya kai wa Girka yaƙi a shekara 480, masanin tarihi Herodotas ya ce Armeniyawa sun fito ne da shiga irin ta Firijiyawa, wato ƙaramar garkuwa, gajeren mashi, masun jifa da wuƙa, da takalmi mai kai wa ƙwauri. A wannan zamani dakaru ne masu tafiya a ƙasa, saboda haka wanda ya ɗora musu sulke ya hau da su doki a nan ya yi wa tarihi gaggawa.

Amma arzikin ƙasar doki ne. Sitirabo ya rubuta cewa gwamnan Armeniya yakan aika wa sarkin Farisa duƙushi 20,000 kowace shekara, kuma a sassaƙen fadar Fasifolis an nuna wakilansu suna jan doki. Zenofon, wanda ya ratsa ƙasar da damunar sanyi ta 401 zuwa 400, ya ce dawakinsu ba su kai na Farisa girma ba amma sun fi su zafin nama. Shi ya sa a yaƙin Gaugamela na shekara 331, inda Iskandar ya karya Dariyus na Uku, barade ne suka zo, aka tsayar da su a hannun dama ƙarƙashin Orontis da Mitraustis. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wando da riga da hula duk sun koma kusa da na Farisa.

A zamanin Sasaniyawa, wato gidan su Kisra, al'amarin ya sake. Armeniya ta karɓi addinin Kirista a farkon ƙarni na 4, sannan Rum da Farisa suka raba ta wajen shekarar 387. Manyan gidajen sarautarta, irin su Mamikoniyan da Bagratuni, su ne ke kawo barade masu sulke da kwalkwali da dogon mashi, kowane gida da tutarsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, sun kuwa yi. Amma da Yazdajirdu na Biyu ya nemi mayar da su Majusanci sai suka ce a'a. Aka gwabza a Abarayar a 451, shugabansu Bardan Mamikoniyan ya faɗi a fagen fama, alhali wasu 'yan uwansa suna cikin sahun Farisa. Sai a 484 aka yi sulhu, aka bar musu addininsu.

Ƙarshen labarin mu ma mun san shi daga karatun tarihin Sahabbai. A yaƙin Ƙadisiyya, wajen shekarar 636, lokacin da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya fuskanci Rustum, littafin tarihin Armeniyawa da ake danganta wa Sebeyos ya ce Musheg Mamikoniyan ya zo wa Farisa da mutum 3,000, Girigor na Siyunik da 1,000, kuma dukansu biyu a can suka kwanta dama. A Yarmuk kuwa Armeniyawa suna cikin rundunar Rum. Saboda haka mai jera 'yan sojojinsa, in yana son gaskiya, sai ya tanadi Armeniyawa kashi uku, kuma ya shirya ganinsu a kowane gefen tebur.