Kaki a Maƙogwaron Mai Horar da Murya

A sassan kula da murya na asibitocin Amurka da Turai akwai kukan da masu ba da horo suka saba ji daga bakin waɗanda suka sauya jinsi daga namiji zuwa mace, masu neman muryarsu ta koma irin ta mata. Da an yi 'yan mintoci ana atisaye sai kaki ya tokare maƙogwaro, murya ta soma kakkaryewa, mutum ya shiga gyaran murya ba ƙaƙƙautawa. Galibinsu tambaya ɗaya suke zuwa da ita: me za mu sha ya tafi? Ni kuwa a ganina tambayar ta baro gini tun ran zane, domin kakin nan a mafi yawan lokuta ba shi ne cutar ba. Labari ne maƙogwaro yake bayarwa game da yadda ake sa shi aiki, kuma wanda ya duƙufa wajen kankare shi ya toshe kunnensa ga labarin. Na san irin matsayin da batun sauya jinsi yake da shi a ƙasar Hausa ta fuskar addini da al'ada, kuma ba shi wannan maƙala ta zo warwarewa ba. Maganarta a kan naman maƙogwaro take, wanda iri ɗaya ne a wuyan kowa, da alaramma da mawaƙi da malamin aji.

Dalilin horon a fili yake. Lokacin balaga sinadarin testosteron yana tsawaita tantanin maƙwallato, ya ƙara masa kauri, zakaran wuya ya fito. Tantanin namiji baligi yakan kaɗa kimanin sau 120 a daƙiƙa idan yana magana, na mace kuwa sau 200 ko sama da haka. Estrojin da ake sha daga baya ba ya mai da abin da ya riga ya girma, saboda haka hanya biyu ta rage: tiyata, irin wadda Nobuhiko Isshiki na Japan da Jürgen Wendler na Jamus suka yi suna a kanta, ko kuma horo. Ƙungiyar WPATH, ta masana lafiyar masu sauya jinsi, ta ware wa murya babi guda a kundin ƙa'idojinta na takwas da ya fito a 2022. Horon yana neman ɗaga murya ta haura kusan kaɗawa 160 a daƙiƙa, inda kunne ke fara shakkar ko ta namiji ce, sannan a sauya amonta ta hanyar ɗan ɗaga maƙwallato da gyara zaman harshe da leɓɓa.

Sai a tambaya, ina ruwan kaki da wannan? A 1974 Minoru Hirano ya bayyana cewa tantanin maƙwallato ba tsoka zalla ba ne. Tsoka ce da aka lulluɓe da shimfiɗa mai laushi, kuma wannan shimfiɗa ita ce ke yin igiyar ruwa duk lokacin da iska ta ratsa. Ba za ta yi hakan a bushe ba. Hanci da maƙoshi suna samar da majina da ta kai lita guda ko fiye a kowace rana, kusan kashi 95 cikin ɗari nata ruwa ne, muna haɗiye ta ba mu ma sani ba. Ashe matsalar ba samuwar majina ba ce, kaurinta ne. Kamar koko ne da aka bari ya huce: abin da ɗazu yake zuba ya koma yana manne wa ludayi. Idan likita ya zura na'ura mai kyamara, yakan ga farin zare mai yauƙi ya haɗe tantanin biyu, ko ɗan dunƙule ya zauna daidai tsakiyarsu, inda suka fi bugun juna.

A nan ne binciken Katherine Verdolini da Ingo Titze a Jami'ar Iowa, a farkon shekarun 1990, yake da nauyi ƙwarai. Sun auna mafi ƙarancin ƙarfin iskar da huhu zai tura kafin tantani ya fara kaɗawa, a jikin da ya ƙoshi da ruwa da kuma wanda aka busar. Bushewa ta ƙara wannan ƙarfi, kuma tasirinta ya fi bayyana a murya ta sama. Wato daidai wurin da mai wannan horo yake yini, nan ne ƙarancin ruwa ya fi cizo. A haɗa da wani abu da ba a cika ambata ba: a Amurka maganin da aka fi bayarwa don danne testosteron shi ne spironolactone, wanda asalinsa maganin sa fitsari ne. Mutum yana zubar da ruwan jikinsa da safe, da yamma kuma yana neman tantaninsa ya kaɗa da saurin da bai saba ba, sau da yawa yana shaƙar iska ta baki tsakanin atisaye. Duk wanda ya taɓa jan dogon karatu a Kano cikin hunturu ya san yadda busasshiyar iska ke yi wa maƙoshi.

Bushewa rabin bayani ce. Ɗaya rabin, wanda na fi ba muhimmanci, shi ne ƙarfin tsiya. Mai koyo da ya ji an ce a ɗaga maƙwallato yakan ɗaga shi da tsokokin haɗiya, ya riƙe shi a sama kamar mai shaƙe kansa. Bayan ɗan lokaci sai ya ji wani abu ya tsaya masa a wuya, ya ce kaki ne. Sau da yawa idan an leƙa ba a ganin kakin da ya kai yadda yake ji, abin da ke akwai tsoka ce da ta ɗaure da nama da ya fusata. Sai ya yi kaki da ƙarfi, tantanin biyu su gwabzu da juna, su ɗan kumbura, jiki ya aiko da ƙarin majina don kare su, jin tokarewa ya dawo, ya sake yin kaki. A 1999 Murray Morrison da abokan aikinsa a Vancouver suka bayyana yanayin maƙwallaton da jijiyoyinsa suka zama masu saurin harzuƙa, har abu kaɗan ya tayar da tari ko shaƙewa. Daga nan nake ganin ya kamata a ɗauki kakin da ke ƙaruwa bayan atisaye a matsayin ma'auni. Idan mutum ya fara da maƙoshi sarari ya gama da shi a cushe, atisayen ne ke buƙatar gyara, ko dai ya yi tsawo, ko an haura sama da wuri, ko ana matsawa inda ya kamata a sassauta.

Mai suka zai ce ba kowane kaki ne horo ya jawo ba, kuma gaskiyarsa. Akwai ruwan ciki mai tsami da ke hawowa har maƙwallato ba tare da ƙwannafi ba, wanda likita Koufman ta yi dogon nazari a kansa a 1991. Ma'aunin tambayoyi tara da Belafsky da Postma da Koufman suka fitar a 2002 ya lissafa yawan gyaran murya da yawan majina cikin alamominsa. Akwai kuma murar da ƙura ko furen tsirrai ke tayarwa. Sai dai a nan ma garaje yana da illa. Alamomin nan sun yi kama da na gajiyar murya, shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyar likitocin kunne da hanci da maƙogwaro ta Amurka ta sabunta a 2018 ta hana ba da maganin ruwan ciki don dishewar murya kawai ba tare da an duba maƙwallato ba. Magungunan mura masu busar da hanci kuma suna busar da maƙoshi, su ƙara wa kaki kauri. Madarar da ake yawan zargi kuwa, binciken da aka yi a Ostireliya a 1990 kan mutane 60 da aka sa wa ƙwayar mura bai samu ta ƙara majina ba, yauƙin da take bari a baki ne ake ɗauka kaki.

Abin da masu ba da horo suke shawarta ba shi da tsada. A riƙa kurɓar ruwa a kai a kai tun da safe, domin ruwan da aka sha ba ya taɓa tantani kai tsaye, sai ya zaga jiki. A yi surace da ruwan zafi zalla. Idan jin tokarewa ya zo, a kurɓi ruwa a haɗiye da ƙarfi, ko a fesar da iska daga ƙirji ba tare da sauti ba. Ba lallai wannan ya kwashe kakin kamar yadda kaki mai ƙarfi zai yi ba, amfaninsa shi ne yana katse zagayen nan na gwabzawa da kumburi. Akwai kuma fitar da murya ta cikin siririn bututun shan lemo, dabarar da ta samo tushe daga masanan Finland, Titze kuma ya bayyana yadda take aiki: iskar da ta dawo baya tana ɗan raba tantanin, su kaɗa ba tare da bugu mai tsanani ba. Gajerun atisaye da aka rarraba cikin yini sun fi zama ɗaya mai tsawo. Mai shan spironolactone kuwa kada ya rage ko ya ƙara da kansa, maganin yana taɓa sinadarin fotasiyam a jini, magana ce ta likitansa.

Abin da ya fi damuna shi ne da yawa cikin masu wannan horo ba su taɓa zama gaban ƙwararre ba, saboda tsada ko dogon layi ko tsoron wulaƙanci. Daga bidiyon intanet suke koya, su kaɗai a ɗaki, babu mai ce musu sun matse wuya. Irin waɗannan su suka fi buƙatar sanin iyaka. Horo na ƙwarai ba ya sa ciwo. Dishewar da ta kai mako huɗu ba ta warware ba, ƙa'idar 2018 ɗin nan ta ce a leƙa maƙwallato, kuma ba a jira ko da mako huɗun idan akwai jini a kaki, ko wahalar haɗiya, ko sarƙewar numfashi, ko kumburi a wuya, musamman ga mai shan taba.