Kwana Uku a Ankara: Abin da Ɗan Arewa Zai Duba Kafin Ya Kalli Teku

Wata rana bayan la'asar ina zaune a ƙofar gida a Dabokpa, nan Tamale, sai ɗan yayata ya zo ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce wani uzuri zai kai shi Ankara, kwana uku kacal zai yi ya dawo. "Kawu, ban taɓa ganin teku ba. Ta ina zan fara?" Na ce masa teku ba ta gudu, ya bar ta sai ranar ƙarshe, domin akwai abin da ya fi ta buƙatar idonsa. Abin da na gaya masa ran nan shi na ga ya dace in rubuta, ko zai amfani wani mai irin wannan gajeriyar tafiya. Ankarar da nake nufi ita ce Accra, babban birnin Gana, kamar yadda bakin mutanen zango ya saba kiran ta tun kaka da kakanni, ba ta Turkiyya ba.

Mu fara da hanya. Daga Tamale zuwa Ankara kimanin kilomita 600 ne. Motar dare ta fi sauƙi ga mai kwana kaɗan: ka tashi bayan magariba, ka haye Farin Volta a Yapei, ka haye Baƙin Volta a Buipe, ka wuce Kintampo da Techiman da Kumasi, gari na wayewa kana shiga birni. Ka ɗauki rigar sanyi saboda na'urar sanyaya mota, ka riƙe katin shaidarka a jikinka, ka tanadi ƙananan kuɗi na hannu, sauran ka bar su a waya. Mai hali ya hau jirgin sama, wajen awa guda ya isa. Amma wanda ya bi ƙasa ya sani cewa kwaltar nan ba ita ce hanyar da ta kai mutanenmu bakin teku da farko ba. Tsohuwar hanya ta Salaga take bi, ta haye ruwa a Yeji, ta ratsa Atebubu da Mampong ta shiga Kumasi.

Salaga ita ce mabuɗin labarin. A ƙarni na 19 nan ne ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato ke sauka bayan tafiyar watanni, madugu a gaba, jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da kayan fata, su koma da goron da ake kawowa daga dazukan Asante. Abin da Bahaushe ke kira fataucin Gwanja ke nan. A wancan zamani sarakunan Asante ba su cika barin fataken Arewa su zarce kudu ba, saboda haka teku labarinta kawai ake ji. A Fabrairun 1874 sojojin Ingila ƙarƙashin Janar Wolseley suka ƙone Kumasi, Salaga ta fita daga hannun Asante, hanyar goro ta rikice. A 1877 Turawa suka ɗauke hedikwatarsu daga Cape Coast suka mai da ita Ankara. A 1892 yaƙin basasa ya watsa Salaga, 'yan kasuwa da malamai suka bazu, wasu suka nufi Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har ya rasu a 1934, wasu suka zarce kudu. Kafin nan goro ya fara bin jirgin ruwa zuwa Legas, kuma da jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, sai tafiyar watanni ta koma ta makonni. Goro ya bi ruwa, Bahaushe ya bi goro. Da haka muka isa bakin teku.

Ranar farko, na ce wa yaron, ka yi ta a ƙafa a tsakiyar tsohon birni. Ka karya kumallo da koko da ƙosai. Za ka ji masu saye suna cewa "Hausa koko", ka ga shinkafa da wake an rubuta ta "waakye", ka ga tuwon zafi a allon gidajen abinci. Harshenmu ya riga ka isowa ta hanyar tukunya. Daga nan ka shiga Tudu, unguwar da sunanta ba ya buƙatar tafinta, ka gangara Zongo Lane da Cow Lane. A wajen nan ne Malam Naino, Bakatsine, ya samu fili daga hannun sarakunan Ga, masu ƙasar, a farkon shekarun 1880, aka kafa zangon da ake kira Zangon Malam. A Cow Lane aka haifi babban limamin ƙasa, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, a 1919. Yau shaguna sun cinye yawancin gidajen, amma idan lokacin azahar ya yi za ka ga inda mutane ke kwarara, ka bi su.

Ba fatake kaɗai suka kafa zangon ba. A 1873 Kyaftin Glover ya zo daga Legas da rundunar da ake kira Hausawan Glover, ya ƙara ɗibar mutane a Ankara da bakin Volta don yaƙar Asante. Da yawa daga cikinsu bayi ne da suka gudu daga iyayen gijinsu, kuma ba dukansu ne Hausawan asali ba, harshen ne ya haɗa su. Bayan yaƙi wasu suka zauna a garin. Daga irin wannan runduna sojan ƙasar ya samo tushe, shi ya sa taken rundunar Gold Coast ya kasance da Hausa: Kullum Shiri. Wannan ma gadonmu ne, da daɗinsa da ɗacinsa, don bindigogin nan su ne daga baya suka taya Bature mallakar Arewa.

Kafin yamma ka leƙa kasuwar Makola. An gina ta a 1924, sojoji suka rushe ta a 1979 bisa zargin matan kasuwa da ɓoye kaya, ta sake tashi. Ka mayar da jakarka gaba, kada ka ciro waya a cikin cunkoso, ka yi ciniki da fara'a.

Rana ta biyu ita ce mai nauyi, ka ba ta safiyarka gaba ɗaya. Ka nufi Jamestown da Ussher Town a bakin ruwa. Turawa uku ne suka kafa gidajen ganuwa a wannan ɗan tsakanin: mutanen Holan suka gina nasu a 1649, wanda ya koma hannun Ingila a 1868 aka sa masa suna Ussher, Ingilishi suka gina James a 1673, na Denmak kuma yana Osu, Ingila ta saye shi a 1850. Zinariya da mutane ake fitarwa ta ƙofofinsu. Daga baya Ussher da James suka zama gidajen kurkuku, a James aka tsare Kwame Nkrumah daga 1950 zuwa Fabrairun 1951, ya fito ya karɓi jagorancin gwamnati. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. Ka tambaya tukuna wanne ne a buɗe, ka yi jinga da ɗan rakiya kafin ku fara zagaye, kada ka ɗauki hoton kowa sai da izininsa.

Ba nisa da nan akwai kasuwar da ake kira Salaga. Ranar da na fara ganin sunan, a zuwana na farko, sai da na ji kaina ya yi girma: ga sunan garinmu na Arewa a tsakiyar babban birni. Wata tsohuwa mai sayar da kifi ce ta sauke ni. Ta ce iyayensu sun gaya musu an sa wa wurin sunan ne saboda mutanen da ake kawowa daga Salaga a sayar. Na tsaya ban ce uffan ba. A gida mun saba ba da labarin Gwanja da goro da rijiyoyin Salaga da malamanta, mu tsallake cewa kasuwar bayi ce babba. Mukan manta cewa Dagwamba ta yi shekaru masu yawa tana biyan Asante haraji da mutane, cewa mayaƙan Babatu sun yi ta kame Gurunsi a shekarun 1880 da 1890, kuma kabarinsa yana nan a Yendi, tafiyar da ba ta kai awa biyu daga ƙofar gidana ba. Ingila ta haramta cinikin bayi ta teku a 1807, ta haramta bauta a yankin da take mulka na bakin ruwa a 1874, amma kafin abin ya mutu murus an daɗe. Cikin kakanninmu akwai wanda ya sayar, akwai wanda aka sayar, wani gidan ma duka biyun. Wanda ya je bakin teku ya ɗora wa Bature laifin gaba ɗaya ya dawo, rabin karatu ya yi.

Daga nan ka tambayi Brazil Lane, inda gidan da ake kira Brazil House yake. A Janairun 1835, cikin watan azumi, bayi Musulmi suka yi bore a Salvador ta jihar Bahia a Birazil, yawancinsu Yarabawa, da Hausawa a cikinsu. Bayan an murƙushe boren an tsananta wa 'yantattun baƙaƙe, da yawa suka hau jirgi suka komo Afirka. Wani rukuni ya sauka Ankara a 1836, sarakunan Ga suka ba su masauki. Ana kiran zuriyarsu Tabom, daga kalmar Fotugis da suke yawan faɗa mai ma'anar "ba laifi". Sun zo da ɗinki da haƙar rijiya da noma, kuma shahararren ɗan damben nan Azumah Nelson jininsu ne. Ƙofar da ta fitar da mutane, ga shi ta dawo da wasu.

Rana ta uku ka ga inda zango ya koma. Bayan annobar da ta afka wa Ankara a 1908, ga cunkoso ga saɓanin shugabanci, Malam Baƙo ɗan Malam Naino ya jagoranci mutanensa suka kafa Sabon Zango a yammacin birni. Nima kuwa ta taso a farkon shekarun 1930, ta hannun Malam Amadu Futa, Bafillace mai fataucin shanu. Ka tuna cewa unguwannin nan sun ga tashin hankali a Nuwamban 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, aka raba gidajen da suka shekara hamsin a wuri guda. Idan ta kama Juma'a ce, ka yi salla a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021 da taimakon Turkiyya. Ka ga ashe Ankara biyun sun haɗu a wuri ɗaya.

Sai teku. Ka je da yamma, ka tsaya kusa da hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Jamestown, ko ka tafi Labadi. Mu 'yan tudu ne, kada ka shiga ruwa ya wuce gwiwarka, domin yana ja ta ƙarƙashi ko da samansa ya yi lumui. In kana son ganin kwale-kwale na sauke kifi, kada ka zaɓi Talata, masunta ba sa fita ran nan. Ka ci dokunu da soyayyen kifi da yajin shito, ka tambayi abin da ke cikin miya kafin ka sa hannu. In da hali ka guji watan Yuni: ruwan sama na cika kwatoci cikin awa guda, kuma mutanen garin ba su manta daren 3 ga Yunin 2015 ba, da ambaliya da gobara suka kashe fiye da mutum 150 a shataletalen Nkrumah. Tsakanin Mayu da Yuni kuma sarakunan Ga kan hana kiɗa da hayaniya na wata guda kafin bikin Homowo, baƙo ya kiyaye. Duk inda za ka, ka fita da sassafe, cunkoson motoci na iya cinye maka rabin yini.

Shawara ta ƙarshe ita ce wadda na fi nanata masa. A Makola da tashoshin mota za ka ga 'yan mata da manyan kwanoni a ka suna dako. Ana kiran su kayayei: "kaya" tamu ce, "yei" kuwa mata ke nan a harshen Ga. Yawancinsu daga wajenmu suke, ƙasar Dagwamba da Mamprusi. Wadda ta ɗaukar mini jaka a zuwana na baya, da na ce mata "Dasiba", sai ta amsa "Naa" tana dariya, ta ce wata uku rabon da wani fasinja ya gaishe ta da harshen gida. Na tambaye ta inda take kwana, ta nuna mini barandar wani shago. Hanyar da ta kai goro da bayi kudu har yau tana kai 'ya'yanmu, talauci ne madugun yanzu. Na ce wa yaron: in ɗayarsu ta ɗaukar maka kaya, ka gaishe ta, ka tambayi garinsu, kada ka yi mata tayi a kan ladanta.

Ya tafi ya dawo lafiya. Na tambaye shi yadda ya ga teku, ya ce tana da girma ƙwarai, sai ya yi shiru. Can ya ce, "Kawu, yaushe za ka raka ni Salaga?" Na ce masa bayan salla in Allah ya kai mu. Allah ya jiƙan waɗanda suka bi hanyar nan ba da son ransu ba, ya kai kowane matafiyi gida lafiya.