Wa Ke da Ikon Yanke Shawara Kan Jinyar Yaron da Aka Fid da Ran Warkewarsa? Nazari Kan Yankin Funtuwa da Malumfashi

Idan ciwon yaro ya kai inda likita ya ga magani ba zai dawo da lafiya ba, zaɓi uku ne ke gaban iyali: a ci gaba da magani mai tsanani, a tsaya kan rage raɗaɗi a asibiti, ko a koma gida. A kudancin Jihar Katsina masu hannu a wannan shawara su ne uba da danginsa, uwa mai jinya, likita, da hukuma. Matsayin kowannensu a rubuce daban yake da ƙarfinsa a ɗakin marasa lafiya.

Cututtukan da suka fi kai yara wannan mataki sun haɗa da dajin ƙoda, dajin ido, dajin Burkitt mai kumbura muƙamuƙi ko ciki, da gazawar ƙoda. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki fiye da kashi 80 cikin ɗari na yara masu ciwon daji suna warkewa, amma a ƙasashe da yawa masu ƙaramin ƙarfi ba su kai kashi 30 ba. Ke nan ciwon da ya gagara a Funtuwa ba lallai ne ya zama marar magani tun asali ba. Sau da yawa makara aka yi. Yaron Kafur ko Bakori ko Dandume yakan fara da kemis, ya bi ta hannun mai maganin gargajiya da rubutun sha, kafin ya isa babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, daga nan a tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Aminu Kano. Murray Last, wanda ya yi bincike a ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya nuna a maƙalarsa ta 1981 cewa mutanen yankin na neman magani nan da can ba tare da sun ɗaure kansu ga bayani guda na cuta ba. Asibiti zango ɗaya ne a cikin tafiyar.

Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta sa maslahar yaro gaba da komai a duk abin da ya shafe shi, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 kuma ta ɗora wa ma'aikacin lafiya bayyana halin ciwo da hanyoyin magani da haɗarinsu, har da 'yancin ƙin karɓa. Kotun Ƙoli ta raba babba da yaro. A shari'ar Okonkwo ta 2001 ta amince cewa baligi mai hankali na iya ƙin magani saboda addininsa. A shari'ar Esabunor da Faweya ta 2019, wadda ta samo asali daga Legas a 1997 lokacin da wata uwa daga cikin Shaidun Jehobah ta hana a yi wa jaririnta ƙarin jini, kotun ta ce alƙali na da ikon ba da umarnin magani ko iyaye ba su yarda ba. Sai dai wancan jariri yana da maganin da zai ceci ransa, ya kuma rayu. Hukuncin bai warware batun yaron da magani ba zai cece shi ba.

A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Katsina ke aiki da shi, walicci na uba ne, reno kuma haƙƙin uwa ne, bayanta sai kakar wajen uwa. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa ana neman izinin waliyyi kafin yi wa yaro magani, amma idan matsayinsa ya zama cutarwa bayyananniya, sai ikon ya koma ga waliyyi na gaba, sannan ga hukuma. Ta kuma ce fid da rai da likitoci suka yi bai halatta watsi da majinyaci ba. A nan fiƙihu da dokar ƙasa sun haɗu: ikon uba amana ce, iyakarta maslahar yaron.

A zahiri kuwa, aljihu ne ke yanke hukunci kafin kowa ya buɗe baki. Fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin lafiya a Najeriya daga hannun iyalai yake fitowa. Manomin masara da auduga da ɗansa ya kwanta a Shika a watan Agusta yana lissafin buhunan da suka rage a rumbu, da kuɗin taki, da ko zai kai shanun huɗa kasuwa. Wan uba ko kakan da ya kawo gudummawa mafi tsoka yakan sami murya mafi ƙarfi. Idan aka ce "ba ciwon asibiti ba ne", ba kullum imani ke magana ba. Wani lokaci hanya ce ta rufa wa talauci asiri. Sai uba ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar fita ba da yardar likita ba. Wannan kishiyar abin da ya faru ne a Ingila a 2017, inda iyayen wani jariri mai suna Charlie Gard suka nemi kai shi Amurka don gwajin magani, asibitin Great Ormond Street ya ƙi, kotuna suka goyi bayan asibitin. Can gwamnati ke biya, rigimar ta ci gaba ko tsayawa ce. A nan likita ne yakan roƙi a zauna.

Wadda aka fi mantawa da ita ita ce uwa. Ita ke kwana kan tabarma a gefen gado, ita ta san cokali nawa na koko yaron ya iya haɗiyewa, da lokacin da zafin ke tashe shi cikin dare. Amma likita yakan kira uba waje ya yi masa bayani, ita kuma kunya, musamman idan ɗan fari ne, ta hana ta tambaya. Shawarar da aka yanke babu ita an yanke ta ne babu mafi ingancin shaida kan halin yaron.

Abin da ya fi dacewa shi ne a raba hali biyu. Inda akwai kyakkyawan fatan warkewa, ƙin iyaye bai isa ya rufe magana ba. A fara da gano ko kuɗi ne matsalar, a sa ma'aikatan walwala na asibiti da malamin da iyalin ke girmamawa, kotu ta zama matakin ƙarshe. Inda kuwa ƙwararru suka tabbatar babu, zaɓin na iyaye biyu ne tare, bayan likita ya faɗa musu gaskiya da Hausar da za su fahimta, ba "sai dai addu'a" kawai ba. Uban da ya zaɓi ɗansa ya ƙarasa kwanakinsa a gida cikin 'yan'uwansa bai yi sakaci ba. Yaro mai wayo, ɗan shekara goma sha biyu ko sama, a tambaye shi abin da yake so, ko da ba shi zai sa hannu ba.

Haƙƙi ɗaya ne ba ya faɗuwa a kowane hali, shi ne rage raɗaɗi. Maganin mofin na sha yana cikin jerin magunguna masu muhimmanci na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba shi da tsada, amma an fi samunsa a manyan asibitocin koyarwa. Takardar sallama ta kamata ta zo da maganin ciwo, da bayanin yadda uwa za ta ba shi, da wasiƙa zuwa asibitin Funtuwa ko Malumfashi don a riƙa sabunta shi ba sai an koma Shika ba.