Ɓatan Dabo: Manyan Mutane Uku da Ba a San Makwancinsu Ba

Gabatarwa

Mutuwa rigar kowa ce, in ji masu iya magana, kuma Bahaushe ya daɗe da sanin yadda zai yi da ita. Idan mutum ya cika, akan yi masa wanka da sutura, a sallace shi, a kai shi makwancinsa, sannan a dawo a zauna karɓar gaisuwa. Daga nan matansa su shiga takaba, a raba gado, kowa ya rungumi haƙuri. Abin da ke da wuyar sha'ani shi ne mutum ya fita gida da ƙafafunsa, a wayi gari a neme shi sama ko ƙasa a rasa. Ba a ga gawa ba balle a yi jana'iza, ba a kuma ji ɗuriyarsa ba balle a sa ran dawowarsa.

Malaman fiƙihu sun san nauyin wannan al'amari, har suka keɓe masa babi da sunan mafƙudi, wato wanda ya ɓace. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗaliban zaure suke karantawa a cikin Risala, matar irin wannan mutum takan kai kukanta wurin alƙali. Idan aka yi cigiya ba a dace ba, sai a yanka mata shekara 4, bayan su ta yi takaba, sannan ta yi aure in ta so. Dukiyarsa kuwa ba a raba ta sai an kai shekarun da sa'o'insa ba su cika wucewa ba. Shari'a ke nan ta sa wa jira iyaka domin rayuwa ta ci gaba.

Tarihi ba shi da alƙalin da zai yanka irin wannan wa'adi. Idan babban mutum ya ɓace, labarinsa yakan faɗa hannun waɗanda ya bari, kowa ya ƙarasa shi yadda ya dace da bukatarsa. Wannan maƙala za ta dubi mutum uku da suka yi ɓatan dabo a zamuna mabambanta: wani halifa a Masar, da wani sarki a Mali, da wani ɗan siyasar Maroko. Manufa ita ce a ga wanda ya ba da labarin ɓatan kowannensu, da kuma abin da ya ƙaru da shi.

Halifa Alhakim na Masar, 1021

Alhakim bi Amrillahi shi ne halifa na shida a daular Faɗimiyya. Ya hau gadon mulki a Alƙahira a shekarar 996 yana ɗan shekara 11, ya kuma yi kimanin shekara 25 a kai. Mutum ne mai wuyar gane hali. Shi ne ya kafa Darul Ilmi a 1005, gidan karatu mai tarin littattafai inda kowa yake iya shiga ya yi nazari. Shi ne kuma ya ba da umarnin rushe babban cocin Kiristoci na birnin Ƙudus a 1009. Ya hana mata fita daga gidajensu, har ya hana dukawa ɗinka musu takalma. Hatta ganyen lalo, wanda Misirawa suke ƙaunar miyarsa, sai da ya haramta cinsa. Wazirai da manyan fadawan da ya sa aka kashe suna da yawan gaske.

A ƙarshen rayuwarsa ya rungumi zuhudu. Ya daina ado, yana sa tufafin ulu, yana hawa jaki maimakon doki, kuma ya saba fita da daddare zuwa duwatsun Muƙaɗɗam da ke gefen birni domin kaɗaita. A daren 27 ga Shawwal na shekarar 411 bayan Hijira, wanda ya yi daidai da 13 ga Fabrairu 1021, ya fita kamar yadda ya saba, bai dawo ba. Bayan 'yan kwanaki masu bin sawu suka tarar da jakinsa an sassare masa ƙafafu, suka kuma tsinci tufafinsa da alamun sukar wuƙa. Gawa dai ba a gan ta ba.

Nan da nan yayarsa, Sittul Mulki, ta kama ragamar al'amura. Alhakim ya riga ya naɗa wani ɗan'uwansa, Abdurrahim ɗan Ilyasu, a matsayin yarima mai jiran gado, to amma ita sai ta sa aka kamo shi daga Dimashƙa aka tsare. A ranar babbar Sallah ta wannan shekara aka yi wa ɗan Alhakim, Azzahir, mubaya'a, ita kuwa ta riƙe masa mulki har rasuwarta a 1023. Haka kuma ta sa an kashe wani babban kwamandan soja mai suna Ibn Dawwas bisa zargin shi ne ya kashe halifa.

Daga nan labari ya rabu. Wasu marubuta, musamman na Bagadaza inda Abbasiyawa abokan gabar Faɗimiyawa suke mulki, sun ce Sittul Mulki ce ta ƙulla makircin, ta kuma kashe Ibn Dawwas don ta rufe bakinsa. Wasu Kiristoci suka riƙa cewa halifa ya yi nadamar abin da ya yi musu, ya shiga hamada ya ƙare rayuwarsa cikin bauta irin tasu. Akwai kuma wata jama'a, mabiya wani mai wa'azi Hamza ɗan Ali, waɗanda tun Alhakim yana nan suke ɗaukarsa a matsayin da ya wuce na ɗan'adam. Su a wurinsu bai mutu ba, ya faku ne, kuma zai bayyana a ƙarshen zamani. Waɗannan su ne Duruzawa, waɗanda har yau suke zaune a Labanon da Siriya da Isra'ila da Jodan. Da an ga gawar Alhakim an binne shi a bainar jama'a, da wuya wannan aƙida ta sami irin gindin zaman da ta samu.

Sarkin Mali da Ya Shiga Teku, Wajajen 1312

Daga Masar sai mu juyo Afirka ta Yamma, ko da yake shi ma wannan labari a Alƙahira aka fara jin sa. Daular Mali ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe, domin daga can ne Wangarawa suka zo Kano a zamanin Sarki Yaji. A shekarar 1324 Mansa Musa ya yada zango a Alƙahira a kan hanyarsa ta zuwa aikin hajji, ya yi kyautar zinariya har darajarta ta faɗi a kasuwa. Wani hakimin birnin, Ibn Amir Hajib, ya shaƙu da shi, wata rana ya tambaye shi yadda aka yi sarauta ta zo hannunsa. Amsar da ya bayar ita ce malamin nan na Dimashƙa, Al'umari, ya rubuta bayan kimanin shekara 12 a cikin littafinsa Masalikul Absar.

Mansa Musa ya ce sarkin da ya gada bai yarda cewa ba a iya kaiwa ƙarshen babbar tekun yamma ba, wato Atlantika. Saboda haka ya shirya jirage 200 cike da mutane, da wasu 200 ɗauke da zinariya da ruwa da guzuri, ya umarce su kada su juyo sai sun ga iyakar teku ko guzurinsu ya ƙare. Bayan dogon lokaci jirgi ɗaya tak ya komo. Shugabansa ya ce sun tarar da wani ruwa mai ƙarfin gudu a tsakiyar teku kamar kogi, duk jirgin da ya shiga bai fito ba, shi ya sa shi ya juyo. Sarki bai gamsu ba. Ya sa aka shirya jirage 2,000, rabi domin shi da jama'arsa, rabi domin ruwa da abinci. Ya bar Musa a matsayin muƙaddas, ya shiga teku, ba a sake ganinsa ba, shi da duk waɗanda suka bi shi.

Labari ne mai daɗin ji, to amma in an bi ta ɓarawo sai a bi ta mabi sawu. Mutum ɗaya ne ya ba da shi, kuma shi ne wanda ya gaji kujerar. Ibn Haldun, wanda ya tsara jerin sarakunan Mali daga bakin masanan ƙasar, bai ambaci wannan tafiya ba. Abin da ya faɗa shi ne, da hawan Musa sarauta ta bar gidan Mari Jata, wato Sunjata wanda ya kafa daular, ta koma gidan ɗan'uwansa Abubakar. Ruwa ba ya tsami banza. Wannan ne ya sa wasu masana tarihi suke ganin mai yiwuwa ne labarin teku mayafi ne da aka lulluɓe wani rikicin sarauta da shi, domin baƙon da ke zaune a gaban manyan Masar ba zai so a ɗauke shi mai ƙwacen mulki ba. Wasu kuma suna ganin akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tun da lallai akwai igiyar ruwa mai ƙarfi da ke bi ta gaɓar Afirka ta Yamma ta nufi yamma.

Hatta sunan da aka fi sanin wannan sarki da shi, Abubakar na Biyu, kuskure ne. Al'umari bai ambaci sunansa ba. Wani Bature da ya fassara littafin Ibn Haldun a ƙarni na 19 ne ya juya maganar, aka ɗauka akwai wani Abubakar da ya yi sarauta dab da Musa. A 1963 masanin tarihi Nehemia Levtzion ya nuna cewa wanda Musa ya gada, bisa jerin Ibn Haldun, shi ne Mansa Muhammadu ɗan Ƙu. Duk da haka sunan ya riga ya bi duniya. A 1976 Ivan Van Sertima ya wallafa littafi yana mai cewa jiragen Mali sun isa nahiyar Amurka shekara 180 kafin Kolombus. Ra'ayin ya sami karɓuwa wurin baƙaƙen fata da suka gaji da tarihin da Turawan mulkin mallaka suka rubuta musu, kuma wannan gajiya tana da dalili. Sai dai masu haƙar kayan tarihi ba su sami ko da ɓallin tukunya na Mali a wancan gefen teku ba. Girman Mali, da arzikinta, da malaman Tumbuktu, abubuwa ne tabbatattu da ba su bukatar a yi musu ƙari.

Mahadi Ben Barka, 1965

Mai karatu yana iya cewa waɗannan al'amura ne na zamanin da babu jarida babu 'yan sandan ciki. To, misali na uku ya faru ne da rana tsaka a tsakiyar birnin Paris. Mahadi Ben Barka, haifaffen Rabat a 1920, malamin lissafi ne wanda har ya koyar da Yarima Hasan, wanda daga baya ya zama Sarki Hasan na Biyu. Yana cikin jagororin neman 'yancin Maroko daga Faransa. Bayan samun mulkin kai a 1956 ya zama madugun 'yan adawa, ya yi gudun hijira, har aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa. A lokacin ɓatansa shi ne yake jagorantar shirya babban taron ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka da aka yi a Habana ta ƙasar Kuba a Janairun 1966.

Ranar 29 ga Oktoba 1965 ya je wani gidan cin abinci mai suna Lipp domin ganawa da wasu mutane a kan shirya wani fim. A bakin ƙofa 'yan sandan Faransa biyu suka tare shi, suka sa shi a mota, aka kai shi wani gida a bayan gari. Daga ranar ba a sake ganinsa ba. A 1967 wata kotun Faransa ta yanke wa Janar Muhammad Ufkir, ministan harkokin cikin gida na Maroko, hukuncin ɗaurin rai da rai a bayan idonsa, amma Maroko ba ta miƙa shi ba. Ufkir ya mutu a 1972 bayan wani yunƙurin juyin mulki da bai yi nasara ba, ya tafi da abin da ya sani. A 2001 wani tsohon jami'in leƙen asirin Maroko ya yi iƙirarin cewa an kai gawar Rabat an narkar da ita a cikin ruwan guba, wasu kuma suka ce a Faransa aka binne ta. Iyalansa sun shafe fiye da shekara 50 suna neman a buɗe musu takardun sirri na gwamnatocin da abin ya shafa.

A nan ɓatan da gangan aka shirya shi. Masu mulki sun gane cewa kabarin ɗan adawa yakan zama wurin ziyara, jana'izarsa takan zama zanga-zanga, gawarsa kuma shaida ce a gaban kotu. Idan babu gawa, kowa yana iya rantsuwa cewa bai san komai ba.

Kammalawa

Shekara 944 ne tsakanin ɓatan Alhakim da na Ben Barka, amma abu guda ya haɗa mutanen nan uku: kowannensu wani ne ya ƙarasa masa labarinsa. Alhakim ya zama abin jira a wurin mabiyansa, ya zama sandar dukan Faɗimiyawa a hannun maƙiyansu. Sarkin Mali ya zama hujjar halascin magajinsa, daga baya kuma ya zama tutar alfaharin baƙar fata. Ben Barka ya zama bashin da gwamnatoci biyu suka ƙi biya. Don haka wajibi ne ɗalibin tarihi, duk lokacin da ya ci karo da irin wannan labari, ya tambayi kansa: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, kuma me ya samu da faɗar? Ya kuma yi hattara da labarin da ya fi yi masa daɗi, domin shi ne ya fi saurin wuce shi ba bincike.

Waɗannan uku sun ci albarkacin suna, shi ya sa har yau ake cigiyarsu. A shekarar 2019 Ƙungiyar Agaji ta Red Cross ta Duniya ta bayyana cewa tana da rajistar mutum kusan 22,000 da suka ɓace a Nijeriya sanadiyyar rikicin Arewa maso Gabas, akasarinsu kuma yara ne a lokacin da suka ɓace. Babu wani Al'umari da zai rubuta labarinsu. Iyayensu mata suna nan a Maiduguri da Bama da Gwoza, ba su karɓi gaisuwa ba, ba su kuma daina sauraren sallama a bakin ƙofa ba. Masu riƙe da alƙalami a jami'o'inmu su ne ya kamata su tattara sunayen nan, da ranakun, da wuraren, tun shaidu suna raye. Allah Ya bayyana waɗanda suke da sauran kwana, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, amin.