Daga Wuri Zuwa Sule: Tsofaffin Kuɗin Azurfa A Ƙasar Rimin Gado

Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne mu nuna cewa tsofaffin kuɗin azurfa da ke ɓoye a adakar tsofaffin mata a ƙauyukan Rimin Gado shaidu ne na tarihi, waɗanda ya wajaba a tattara.

Kafin zuwan Turawa, wuri ne kuɗin ƙasar Kano. Da shi ake cin kasuwa, da shi kuma manomi ke biyan kuɗin ƙasa. Amma wuri yana da nauyi, ga wahalar ƙirga, don haka fatake suka riƙi liyari, wato azurfar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tariza da shekarar 1780. Lokacin da Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ke sayen liyari guda.

Bayan cin Kano a 1903, Turawa suka hana shigo da wuri, sannan suka nemi a biya haraji da kuɗinsu. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a 1912, shekarar da aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma. Ta haka sule ya shiga karkara: manomi ya noma gyaɗa don ya sami sulen haraji. Liyari kuwa ya koma hannun maƙeran fari, ya zama awarwaro da zobe.

Yana da kyau mu dubi Japan. A 1871 gwamnatin Meiji ta soke tsohon tsarinta mai sarƙaƙiya, ta fito da yen, ta buga azurfarta a Osaka, ta kafa babban banki a 1882. Can 'yan ƙasa ne suka sauya kuɗinsu don ƙarfafa mulkinsu. Mu nan ɗora mana aka yi, masu tarin wuri suka yi asara, ba mu sami kuɗin kanmu ba sai 1959.

Saboda haka muna kira ga jami'o'inmu da Gidan Makama su shiga ƙauyuka. Kowane kuɗi a auna nauyinsa, a rubuta shekararsa da yadda ya shigo gidan, domin 1780 ɗin nan an ci gaba da buga ta a kan liyari shekaru masu yawa bayan rasuwar sarauniyar. Bakin mai shi ne kaɗai zai faɗi zamaninsa, kuma abin da maƙeri ya narkar ba ya dawowa.